'Yar Laka da Mai Janareta

Jama'a, duk ranar da kuka ga Gwaggo Babba ta shigo gidanmu da safe ba ta tsaya gaisawa da maƙwabta ba, to wani ya shiga uku. Ranar Asabar ɗin nan kuwa ni ce.

Ina ɗaki ina ɗaure igiyar takalmin aiki, sanye da doguwar rigata mai ruwan toka wadda jar ƙasa ta riga ta rine wa baki, hular kwano a gefena, sai ƙanwata Auta ta leƙo tana danne dariya.

"Yaya, ki fito. An kafa kotu."

"Wa ya kai ƙara?"

"Umma. Alƙalin kuma da sabon leshi ya zo."

Na iske su a falo. Gwaggo, yayar Abba ce, ta cika doguwar kujera ita da jakarta, ta kafa ɗaurin ɗankwali kamar za ta je biki. Umma na gefenta ta haɗe rai. Abba yana kan kujerarsa ta kusa da taga, jarida a fuska, kamar ba da shi ake ba.

"Zauna, 'Yar Laka."

Sunan da ta laƙaba mini ke nan don ta ɓata mini rai, sai ga shi ya bi ni har wurin aiki. Ni kuwa amsawa nake baki har kunne.

"Yaron nan ya gama gini," in ji ta. "Bene. Uwarsa ma har ta koma ciki. An ce ki je ki zaɓi labule, kin ce wai me?"

"Na ce ina da gida, Gwaggo."

"Kina da me?"

"Gida."

Ta juya wurin Umma ta tafa hannu. "Kin ji ko? Mutane suna gudun laka suna neman siminti, ita ta je jami'a ta kwaso digiri don ta mayar da mu laka. Kuma wai miji ne zai kwashi kayansa ya bi ta! A ina aka taɓa yi?"

Bari in tsaya in warware muku, don kar ku ɗauka bukka na gina.

Ni mai zanen gine-gine ce. Wata ƙungiya ta malaman makaranta da ma'aikatan jinya ce ta samu fili a bakin gari, suka zo ofishinmu suna neman gidajen da kuɗin wuta da na ruwa ba za su cinye albashinsu ba. Manyan ofis suka ga aikin ba maiƙo, suka turo mini. Ni kuwa abin nema ya samu. Na zana musu gida goma sha biyu kewaye da lambu guda. Bangon na tubalin jar ƙasa ne da inji ya matse, mai kauri, rana ta wuni tana dukansa zafin bai kai ciki ba. Rufin ya zarce bango kamar malafa. Manyan tagogi suna kallon inda iska ke fitowa, ƙanana kuma can sama kusa da rufi, ta nan iska mai zafi take ficewa. A kan kowane rufi akwai farantan sola. Ruwan sama yana bin indararo ya taru a tanki ƙarƙashin ƙasa. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana ratsa tsakuwa da yashi ya fita lambu. Ragowar abinci da ɓawo da kashin kaji kuma ana zuba su a wani rufaffen rami, su ruɓe su ba da gas ɗin girki. Da aka gama, 'yan ƙungiyar suka ce ba za su bar ni in tafi ba, suka sa ni a cikinsu. Gidan farko daga bakin get, mai ɗaki biyu da falo, nawa ne.

To wannan ne Gwaggo take kira laka.

Shi kuwa yaron da take magana, a can wurin aikin na san shi. Muna tsaka da ɗora rufi wata mota a-kori-kura ta tsaya, wani dogo ya fito cikin fararen kaya tas, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ta cije shi. Ya tambayi leburori ina injiniya, suka nuna masa ni a kan tsani.

"Ranki ya daɗe, janareta nake sayarwa. Na ga gidaje da yawa, na ce babba za ku buƙata."

"Ba ma buƙata."

"Kowa haka yake cewa kafin a ɗauke wuta."

"Mu ba a kawo mana ba, ballantana a ɗauke."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Washegari ya dawo wai ya manta bai bar katinsa ba. Jibi ya dawo wai ya manta bai karɓi nawa ba. Na sa masa Mai Janareta a waya, shi kuma ya sa mini Madam Sola. Kar ku so ku ga yadda yake tsayawa a bakin get da ledar ruwan sanyi yana jiran in sauko. Mutum ne mai sauƙin kai, mai barkwanci, mai jin ƙan mahaifiyarsa, Hajiya, wadda shi kaɗai gare ta. Ba zan ɓoye muku ba, ina son shi. Abu ɗaya ne: tunda aka gama gidajen bai taɓa shiga ciki ba. Kullum sai ya ce, "Sai ranar da kika tare, Madam Sola," yana dariya. Ashe shi can yana nasa ginin a ɓoye.

"Ki je dai ki gani," Umma ta ce a hankali. "Gani ba ya hana ki komai."

Na dubi Abba. Jarida ko motsi ba ta yi ba.

Bayan azahar muka tafi, ni da Gwaggo da Auta. Na cire kayan aiki, na sa doguwar riga ruwan zuma mai ɗinkin zare a hannu, na yafa farin mayafi, har kwalli na sa. Mai Janareta ya tarbe mu a get yana ta murmushi kamar ɗalibin da ya zo na ɗaya.

Gaskiya an kashe dukiya. Gaban gidan gilashi ne daga sama har ƙasa, yana kallon faɗuwar rana. An shafe farfajiya da siminti, ko ƙwayar ciyawa babu. A gefe na hango kututturen wata ƙatuwar bishiyar mangwaro da aka sare don motoci su samu wuri, sai da zuciyata ta yi zafi. A bayan gida janareta biyu, ɗaya yana ruri. Ciki kuwa tayil kamar madubi, fitilu na reto daga silin, ga na'urar sanyi ta esi a kowane ɗaki.

Gwaggo sai "Masha Allah" take jerawa, tana shafa hannun bene.

Muka shiga ɓangaren Hajiya muka gaishe ta. 'Yar siririyar dattijuwa ce, fara, mai ƙarancin magana. Ta lulluɓe da bargo a tsakiyar bazara, ta naɗe gwiwoyinta da wani mayafi. Ta amsa gaisuwata, ta dube ni sama da ƙasa.

Da muka hau babban falon sama ya buɗe hannuwa. "To, Madam Sola? Yaya kika gani?"

"In roƙi alfarma?"

"Faɗi."

"Ka sa a kashe janareta na ɗan lokaci."

Ya ɗaga waya ya ba da umarni, yana dariya. Rurin ya tsaya. Muka ci gaba da zagaya ɗakuna. Kafin mu dawo falo iskar ta yi nauyi. Na je in buɗe taga, ashe gilashin ba ya buɗuwa. Rana ta karkato ta cika ɗakin. Auta ta fara fifita da mayafi. Hodar Gwaggo ta fara bin gumi tana gangarowa, amma ta dake wai ita ba ta jin komai.

"Wa ya zana maka?" na tambaye shi.

"Wani abokina. A waya na nuna masa hoton wani gida na ce irinsa nake so."

Ni da bakina! Da na yi shiru. Amma zafin bishiyar nan yana cina, na ce, "Wannan ai ba gida ba ne, tanderu ne mai labule."

Murmushinsa ya ɗauke ɗif, kamar wutar da aka kashe. Na juya, sai ga Hajiya tsaye a bakin ƙofa ta dafa bango. Zafi ne ya koro ta daga ɗakinta. Ta ji komai.

A mota Gwaggo ta wanke ni tas, ba sabulu. Ko a jikina, idona yana kan waya. Muna isa gida saƙonsa ya shigo.

"Kin kunyata ni gaban mahaifiyata."

Na rubuta: "Wurin faɗar ne bai dace ba, ka yi haƙuri. Amma maganar gaskiya ce."

"Don ke na gina shi."

"Don ni, amma ba ka tambaye ni ba. Kana neman auren mai zanen gida, ka kai wa wani zanen gidan da za ta zauna."

"So na yi in ba ki mamaki."

"Ka kuwa ba ni."

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake rubutawa.

"Kin san abin da abokaina za su ce? Za su ce na tare a gidan mace."

"Su za su biya maka kuɗin mai?"

Ya karanta.

Daga ranar waya ta yi shiru. Ba kira, ba saƙon safe, ba hoton kayan da zai sa yana tambayar wace hula ce ta dace. Ni ma na ƙi nema. Sai dai in gaya muku, duk ƙarar da waya ta yi sai gabana ya faɗi, in duba in ga kamfanin layi ne.

Gida kuwa ya zama mini kurkuku. Gwaggo ta ƙi komawa gidanta, ta ce sai ta ga ƙarshen taurin kaina. Umma ba ta faɗa, nata salon ya fi ciwo. Ina wanke kofuna a kicin ta tsaya a bayana ta ce, "Ni ban ce aikinki ba shi da kyau ba. Amma bango ba ya hira da mutum. Ranar da muka kau, wa za ki juya ki gani?"

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na buɗe hotunan gidana a waya ina kallo. Kowane tubali a wurin na san ranar da aka buga shi. Na sha rana, na sha raini daga magina har sai da suka ga bangon farko ya tsaya. Yanzu don ina mace sai in rufe shi da kwaɗo in koma cikin gilashi? Na share hawayena na ce a raina, wallahi a'a.

Ana cikin haka bazara ta kai maƙura. Taransifomar ɓangarenmu na gari ta ƙone, ga kuma layin mai har ya zagaye gidajen man. Duk wanda ya samu ɗan mai sai ya tayar da janareta, unguwa ta cika da hayaƙi da ƙara. Na maƙwabcinmu kuwa daidai tagar Abba yake huci. Abba yana da asma tun da daɗewa, yana da wani ƙaramin inji da ake haɗawa da wuta ya shaƙi magani.

Ina wurin wani sabon aiki da hantsi Auta ta kira. Muryarta kawai na ji na ajiye ma'auni.

"Yaya, ki zo. Abba ne. Man janaretanmu ya ƙare, injin ba wuta."

Na same shi zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyi, ƙirjinsa yana fito kamar usur. Umma tana masa fifita da kwali. Gwaggo tana ta salati. Na kira likitansa, ya ce a fitar da shi daga hayaƙin nan maza, a sa masa injin a duk inda wuta take mafi kusa, in bai sassauta ba a wuce asibiti.

"Auta, ɗauko injin. Umma, magungunansa. Gwaggo, kama mini shi."

"Ina za ki kai mini ƙane?"

"Gidana. Ya fi asibiti kusa, kuma akwai ma'aikaciyar jinya a gida na uku."

Ta dubi Abba. Ta kama hannunsa.

Tun a hanya na kira Sista, maƙwabciyata. Muna shiga get muka same ta tsaye a barandata da jakarta. Aka zaunar da Abba a falo, ta haɗa injin a bango, ya ɗauka nan take. Ta ɗora masa abin shaƙar a fuska, tana riƙe da tsintsiyar hannunsa tana masa magana a hankali. Ni ina durƙushe a gabansa, ban san ina damƙe da gefen rigarsa ba sai daga baya. A hankali fiton ya ragu. Kafaɗunsa suka sauka. Ya jingina da kujera ya lumshe ido.

"Ya wuce," in ji Sista. "Ku bar shi a nan, kar ya koma cikin hayaƙin nan. Zan riƙa leƙowa."

Umma ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka marar sauti. Sai a lokacin na ga tana kallon ɗakin. Labulen da na ɗinka na farin yadi yana kaɗawa. Fanka ɗaya ce ke juyawa a hankali. A waje rana kamar za ta fasa dutse, ciki kuwa kamar gindin bishiya.

Gwaggo ta miƙe ta fara sintiri. Ta leƙa bayan kujera, ta leƙa bayan labule, ta ɗaga kai tana duba silin.

"Ina kuka ɓoye esin?"

"Babu, Gwaggo."

"Ƙarya kike."

Ta je ta dafa bango da tafin hannu. Ta ƙwanƙwasa. Ta sa farce ta karta, ta duba farcen, ba komai.

"Wannan ne lakar?"

"Ita ce."

Ta ce "Uhm," ta wuce kicin. Na ji ta buɗe firji, na ji ta murɗa famfo ta rufe, ta sake murɗawa. Na bi ta na ɗora shayi, na kawo mata a sabon kofi. Ta kurɓa, ta sake kurɓa.

"Gas ɗin a ina kike saye a wannan tsadar?"

Auta ta riga ni. "Ba saye ake ba, Gwaggo. Da ɓawon ayaba da kashin kaji aka dafa miki."

Gwaggo ta ajiye kofin a hankali. Ta dube ni. Ta ɗauka ta shinshina. Muna kallonta, har Umma ta daina kuka. Can ta ɗage kafaɗa ta ce, "Ai wuta ba ta da ƙazanta," ta shanye abinta.

A nan muka zauna duka. Abba da Umma suka ɗauki babban ɗaki, Gwaggo ta ce za ta ɗan miƙe bayanta a ƙaramin, ba ta ƙara fitowa da jakarta ba. Ni da Auta muka shimfiɗa katifa a falo.

Da Abba ya samu ƙarfi, bayan la'asar na fitar masa da kujera baranda. Lambun tsakiya ya yi kore shar, ga tumatir ga alayyafo, ga 'yan itatuwan lemo da muka dasa sun fara kai ƙugu. Matan unguwa suna tsinkar ganye suna hira. Ba ƙarar inji ko ɗaya, sai kukan kaji daga can baya. Shugaban ƙungiya, wani tsohon hedimasta mai farin gemu, ya zo gaishe shi.

"Alhaji, ashe kai ne mahaifin mai zanenmu?"

Abba ya gyara zama. Mutumin da tun da aka fara rigimar nan bai ce uffan ba.

"Ni ne," ya ce. "Ni na haife ta."

"To Allah ya yi mata albarka. Jikokina suna karatu da fitila, matata ta manta yadda ake bin mai ruwa. Gari duk yana cikin duhu, mu sai a labari muke ji."

Ina bakin ƙofa da tire a hannu. Jama'a, na karɓi takardar digiri, na ji an kira sunana a lasifika, amma ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba. Sai da na koma ciki na tsaya a bayan ƙofa na ɗan yi rawa ni kaɗai.

Da hedimasta ya tafi, Abba ya kira Gwaggo da Umma.

"Yaya," ya ce, "na yi shiru ne don ban gani da idona ba. Yanzu na gani, na kuma shaƙa. Daga yau maganar gidan nan ta fita daga bakin kowa. Wanda yake son yarinyar nan ya san inda ƙofarta take."

Gwaggo ta gyara ɗankwali. "Ni dama me na ce? Cewa na yi a bi a hankali."

Auta ta ƙware da ruwan da take sha.

Washegari da hantsi ina shanya a bayan gida wayata ta yi ƙara. Na duba ba da wani zato ba. Mai Janareta.

"Na ji abin da ya samu Abba. Na kai ƙaramin janareta da jarkar mai gidanku, aka ce kuna can. Ina bakin get."

Kafin in gama karantawa wani saƙon ya shigo.

"In shigo?"

Na dubi kaina: zanin gida, tsohuwar riga, hannu duk kumfa. Na ruga na sa doguwar riga kore mai ƙananan furanni, na yafa mayafi ruwan madara, na goga turare a wuya. Auta tana kallona tana girgiza kai.

"Wai ba ke ce kika ce ko a jikinki ba?"

"Rufe mini baki."

Na rubuta masa: "Ƙofa a buɗe take."

Ya rame. Fararen kayan nan sun yamutse, idonsa ya faɗa. Ya durƙusa ya gaishe da Abba da Umma, ya yi wa Abba ya jiki. Suka ba mu wuri suka koma baranda. Ya tsaya a tsakiyar falo, ya cire hula ya riƙe. Ya dubi fanka, ya dubi ƙananan tagogin sama, ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu.

"Me kake nema?"

"Ƙara," ya ce. "Tun ina yaro ban taɓa shiga gida mai wuta in ji shiru haka ba."

Na harɗe hannu, ina jin daɗi har cikin ƙashina.

"Man fetur ya yanke mana," ya ce. "Ni mai sayar da janareta, ga su jere a shago, ba abin zuba musu. Ɗan abin da na samu shi na kawo wa Abba. A farfajiya muke wuni ƙarƙashin rumfar mota, ni da Hajiya." Ya murza hular a hannunsa. "Da bishiyar nan tana nan..."



"Madam Sola, na zo in ce ki zo ki duba gidan nan da idon aikinki. Abin da za a fasa a fasa. Abokaina kuma su faɗi abin da za su faɗa, na ga dai ba wanda ya kawo mini ko kwalbar mai."

Na ji idona ya kawo ruwa, na yi maza na kalli bango. Ina shirin in ɗan ja masa aji kafin in amsa, sai ya sauke murya.

"Sai dai akwai wata magana. Hajiya tana mota."

"Wace Hajiya?"

"Hajiyata. Ta ce ƙafarta ƙafata."

Matar da na kira gidan ɗanta tanderu a kan kunnenta! Na fita da sauri na buɗe mata ƙofar mota, na durƙusa har ƙasa. Ta amsa a gajarce. Ta ƙi hannun ɗanta, ta dafa kafaɗata ta sauko.

Ba ta nemi a zagaya da ita ba, da kanta ta zagaya. Ta gaisa da su Abba. Ta tsaya a bakin lambu ta daɗe tana kallon tumatir. Ta shiga kicin, ta shiga banɗaki, ta dawo falo ta zauna a kan kujera, ta miƙe ƙafafunta ta shafa gwiwa. Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Ni da ɗanta muna tsaye kamar masu jiran hukunci.

Ta buɗe ido a kaina.

"Bakinki da kaifi, yarinya."

"Ki yafe ni, Hajiya."

"Ban ce ƙarya kika yi ba. Esi ya cinye mini gwiwa, zafi ya hana ni numfashi." Ta nuna ƙofofin da haɓa. "Ɗaki nawa ne a nan?"

"Biyu, Hajiya."

"To ki ji. Ɗa ɗaya gare ni. Inda na sa haƙarƙarina nan yake zama, kafin aure da bayansa. In da wurina a gidan nan, magana ta ƙare, ku sa rana." Ta juya wurin ɗanta. "Kai, je ka buɗe but ɗin mota ka shigo mini da akwatunana."

Na zaro ido. "Akwatuna?"

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Wallahi bai gaya mini ba.

"Wancan na ga iyayenki ne a ciki," Hajiya ta ci gaba, ta nuna ƙaramin ɗakin. "Wannan ya ishe ni."

Sai labulen ƙaramin ɗakin ya ɗaga. Gwaggo Babba ta fito, carbi a hannu, ɗankwali a karkace, shatin matashin kai a kumatunta. Ta tsaya ta cika ƙofar, hannu ɗaya a kan wannan dogarin ƙofa, ɗaya a kan wancan.

"Wane ɗaki?" ta ce. "Baiwar Allah, ai wannan da mai shi."

Hajiya ta dube ta daga ɗankwali har silifa. Gwaggo ta rama. A bakin ƙofa na ji ƙarar tayoyin akwati a kan baranda.

Su biyun suka juyo gaba ɗaya, suka zuba mini ido.